Tarihin Farautar Tangarɗa a Direbobin Sadarwar Kwamfuta, 1973 zuwa 2008

A cikin kowace kwamfuta da ke musayar bayanai da wasu kwamfutoci akwai wata 'yar manhaja da ake kira direba, wadda aikinta shi ne shiga tsakanin babbar manhajar da ke gudanar da na'urar, irin su Windows ko Linux, da katin sadarwa, wato kayan lantarkin da ake soka wa waya ko yake kama sigina ta iska. Babbar manhaja ba ta san yadda kowane kati yake karɓar umarni ba, domin kamfanonin da ke ƙera katunan suna da yawa kuma kowanne da tsarinsa, saboda haka direba ne ke karɓar bayanan da za a aika, waɗanda aka riga aka yanka su ƙunshi-ƙunshi, ya miƙa wa kati, sannan ya karɓo waɗanda suka iso daga waje ya hau da su sama. Wannan matsayi na tsakiya shi ya sa gano tangarɗar direba ya zama sana'a mai zaman kanta a cikin aikin injiniyan manhaja, domin idan sadarwa ta yanke ana iya samun laifin a waya, ko a kati, ko a direba, ko a wani sashe na babbar manhaja da ba shi da wata alaƙa da sadarwa, alhali alamar da mai amfani da kwamfuta yake gani iri ɗaya ce a dukkan waɗannan halaye.

Asalin wayar da aka fi yin wannan aiki a kanta yana komawa ga cibiyar bincike ta kamfanin Xerox da ke Palo Alto a jihar Kalifoniya ta Amurka, inda Robert Metcalfe ya rubuta bayanin tsarin Ethernet a 1973, ya kuma gina shi tare da David Boggs. A 1980 kamfanonin DEC da Intel da Xerox suka fitar da ƙa'idar da ta tsayar da gudun wayar a kan bit miliyan 10 a daƙiƙa, kuma cikin shekarun da suka biyo baya ta bazu a ofisoshi da jami'o'i. A wancan zamani mafi yawan matsalolin sadarwa na zahiri ne, ana iya taɓa su da hannu. Siririyar wayar da aka fi shimfiɗawa a ofisoshi igiya ɗaya ce da ke ratsa kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya, tsawonta bai kamata ya wuce mita 185 ba, kuma dole ne a toshe bakinta na farko da na ƙarshe da wani ɗan marfi mai hana sigina dawowa baya. Idan wani ya cire marfin, ko ya kwance mahaɗin da ke bayan teburinsa, dukkan ofishin ne zai rasa sadarwa, ba shi kaɗai ba.

Katunan su ma sun zo da nasu ciwon kai. Kowane kati yana bukatar layin da zai riƙa katse wa masarrafin kwamfuta hanzari, wato ya sanar da shi cewa ƙunshi ya iso domin ya ajiye abin da yake yi ya kula da shi, kuma a kwamfutocin da aka ƙera bisa tsarin IBM waɗannan layuka 16 ne kacal, mafi yawansu ma an riga an raba su ga wasu kayan aiki. Katin NE2000 na kamfanin Novell, wanda ya yi arha har kamfanoni da dama suka riƙa kwaikwayonsa, yakan zo daga masana'anta a saite kan layi na 3, wanda kuma shi ne layin ƙofar da mutane da yawa ke soka modem ko linzami. Sakamakon haka sai a ga kwamfuta tana aika ƙunshi amma ba ta jin amsa, ko ta daskare da zarar an motsa linzami, kuma maganin shi ne a buɗe akwatin na'urar a matsar da wasu 'yan maɗaurai a jikin katin, sannan a gaya wa direba sabuwar lambar da hannu. Wannan nau'in matsala ya fara gushewa bayan bayyanar ramin kati na PCI a 1992, wanda ke barin na'ura ta raba layukan da kanta.

A ɓangaren manhaja kuwa, matsalar farko ita ce kowane shiri da ke son amfani da waya sai ya zo da direbansa na kowane kati, abin da ya sa aka nemi ƙa'ida guda da za ta raba aikin gida biyu. Kamfanin FTP Software ya fitar da wata ƙa'ida ta direbobin babbar manhajar DOS, wadda Russ Nelson ya tattara direbobi masu yawa a kanta ya kuma raba su kyauta tare da rubutunsu na asali, yayin da Microsoft da 3Com suka fito da tasu mai suna NDIS, wadda Windows ke tafiya a kanta har yau. Amfanin wannan rabo ga mai neman tangarɗa babba ne, domin ya samar da iyaka sananniya wadda za a iya tsayawa a kanta a tambaya ko ƙunshi ya ƙetare ta ko bai ƙetare ba.

Kayan yin wannan tambaya sun fito ne daga duniyar Unix. A watan Disamba na 1983 Mike Muuss, wanda ke aiki a wani ɗakin bincike na sojan Amurka a jihar Maryland, ya rubuta ping, ɗan shirin da ke aika ƙaramin ƙunshi zuwa wata kwamfuta ya jira amsa, ya kuma faɗi tsawon lokacin da tafiyar ta ɗauka. A ƙarshen shekarun 1980 Van Jacobson da abokan aikinsa a ɗakin bincike na Lawrence Berkeley suka samar da traceroute, mai nuna zangon da ƙunshi ke yadawa a kan hanya, da tcpdump, mai kwafe duk ƙunshin da ya ratsa kati ya baje shi a gaban injiniya. A 1998 Gerald Combs ya fitar da Ethereal, wanda aka sauya wa suna zuwa Wireshark a 2006, ya mayar da wannan aiki abin da ake gani a allo filla-filla. Daga waɗannan kaya ne al'adar sana'ar ta kafu, wato a kama ƙunshi a kwamfutar da ke aikawa, a kama a wadda ke karɓa, a gwada biyun, sannan a riƙa matse tazarar da ke tsakanin wurin da aka ga ƙunshin da wurin da ya ɓace har sai ta koma kan abu guda.

Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a Helsinki a 1991, ya shigo wannan fage ba tare da goyon bayan kamfanonin kati ba, kuma babban kaso na direbobin Ethernet ɗinsa na farko mutum ɗaya ne ya rubuta su, wato Donald Becker, wanda a 1994 ya haɗu da Thomas Sterling a cibiyar Goddard ta hukumar NASA suka harhaɗa ƙananan kwamfutoci 16 suka mai da su babbar na'urar lissafi guda mai suna Beowulf. Irin wannan na'ura tana takura wa katunan sadarwa fiye da yadda kwamfutar ofis za ta taɓa yi, saboda haka kurakuran da ba sa bayyana sai an cika wa kati kaya suka riƙa fitowa fili. Becker ya kuma rubuta ƙananan shirye-shiryen bincike da ke karanto halin da kati yake ciki kai tsaye, abin da ya zama dole musamman ga katunan da aka gina kan ƙwayar lantarki ta DEC da ake yi wa laƙabi da Tulip, domin kamfanoni daban-daban sun yi amfani da ƙwaya ɗaya amma kowanne ya haɗa ta da waya ta hanyarsa, har ya zama direba guda na iya yin aiki lafiya a kan kati goma ya ƙi na sha ɗaya.

Da gudun waya ya ƙaru, sai wata irin tangarɗa ta bayyana wadda babu kuskuren rubutu ko ɗaya a cikinta. Tsarin katse hanzari yana da kyau idan ƙunshi na zuwa jefi-jefi, amma wayar da ke gudun bit biliyan ɗaya a daƙiƙa tana iya kawo ƙananan ƙunshi kusan miliyan ɗaya da rabi a kowace daƙiƙa, kuma idan kowannensu zai katse masarrafi, to masarrafin zai ƙare lokacinsa wajen amsa sallama ba tare da ya sarrafa ƙunshi ko ɗaya ba, kamar mai gidan da baƙi suka yi wa yawa har ya kasa barin bakin zaure ya kawo wa kowa ruwa. Jeffrey Mogul da K. K. Ramakrishnan sun yi bayanin wannan hali a wata maƙala ta 1996, kuma a 2001 Jamal Hadi Salim da Robert Olsson da Alexey Kuznetsov suka gabatar da maganinsa a Linux, tsarin da ake kira NAPI, inda direba ke rufe layin katsewa da zarar ƙunshi na farko ya iso, ya riƙa kwasar sauran da kansa har sai layi ya ƙare, sannan ya sake buɗewa. Maganin ya yi aiki, sai dai ya haifar da sabon gidan kurakurai, domin direban da ya yi kuskure wajen sake buɗe layin yakan bar kati ya yi shiru alhali fitilarsa na ci kuma waya lafiyarta ƙalau.

Akwai kuma tangarɗar da ta yi shekara da shekaru ba wanda ya lura da ita saboda ba ta yanke wa kowa sadarwa ba. Ƙa'idar Ethernet ta ce kayan da ke cikin ƙunshi kada su gaza bayit 46, bayit kuwa shi ne ma'aunin da ke ɗaukar harafi guda, don haka idan saƙo ya gaza wannan adadi dole ne a yi masa ciko, kuma abin da aka tanada shi ne a cike gurbin da sifili. A watan Janairu na 2003 Ofir Arkin da Josh Anderson na kamfanin tsaro na @stake suka nuna cewa direbobi da yawa, a manyan manhajoji daban-daban, ba sa zuba sifilin, suna tura duk abin da suka tarar a ma'adanar kwamfuta kusa da saƙon ne kawai, wanda zai iya zama gutsuren wani ƙunshi da ya wuce, har da kalmar sirrin wani. Mai son leƙen asiri na bukatar kawai ya riƙa aika ƙaramin ping daga cikin waya ɗaya yana tattara cikon da ke dawowa, wanda kan kai bayit 18 a kowace amsa. An sa wa wannan aibi suna Etherleak, kuma ya nuna cewa ma'aunin da aka daɗe ana auna direba da shi, wato ko saƙo ya isa ko bai isa ba, ma'auni ne mai rauni.

A daidai wannan zamani kamfanoni suka fara ɗora wa katin kansa wasu ayyukan da a da masarrafi ke yi, musamman lissafin lambar tantancewa, wato lambar da ake maƙala wa ƙunshi domin mai karɓa ya gane ko ya lalace a hanya. Wannan ya rage wa masarrafi nauyi amma ya rage amincin kayan bincike, domin tcpdump yana kama ƙunshin da zai fita ne kafin ya isa kati, lokacin da ba a riga an rubuta lambar ba, sai ya nuna shi a matsayin lalatacce alhali lafiyarsa lau. Daga nan ne kashe waɗannan ayyuka ɗaya bayan ɗaya da shirin ethtool, a ga ko matsala za ta gushe, ya shiga cikin matakan farko da kowane mai wannan sana'a ke bi.

Lamarin da ya fi kowanne fito da yanayin sana'ar a fili ya faru ne a 2008, lokacin da ake gwajin sigar Linux mai lamba 2.6.27. A watan Satumba na shekarar masu gwada sigogin share fage na Linux daga openSUSE da Ubuntu da wasunsu suka riƙa kai ƙorafi cewa katin sadarwar kwamfutocinsu, wanda na Intel ne da ke manne a jikin babban allon na'ura, ya daina aiki kwata-kwata, kuma direban da ke kula da shi, mai suna e1000e, yana ƙin ɗaukarsa bisa dalilin cewa lambar tantancewar ma'adanarsa ba daidai take ba. Ma'adanar da ake nufi wata 'yar ƙaramar ajiya ce da ba ta gogewa ko an kashe wuta, inda ake rubuta adireshin katin na dindindin da saitin da yake tashi da shi. Wani abu ne ya yi rubutu a kanta ya lalata ta, kuma tun da ɓarnar a jikin na'urar take, sake kunna kwamfuta ko komawa tsohuwar siga ko ma komawa Windows ba ya mayar da katin.

Wannan ya karya babbar dabarar da masu gyaran Linux suka dogara da ita tun bayan da Torvalds ya ƙirƙiro git a 2005, wato shirin da ke adana tarihin kowane canji da aka yi wa manhaja. Dabarar ita ce rabin-rabi: idan an san sigar da ke lafiya da sigar da ta lalace, sai a gwada wadda ke tsakiyarsu, a jefar da rabin da ba shi da laifi, a sake raba sauran, ta yadda canje-canje dubu goma, wanda shi ne kimanin abin da ke shiga sigar Linux guda a wancan lokaci, ba sa bukatar gwaji fiye da 14 kafin a kama mai laifi. Sai dai dabarar tana bukatar a iya tayar da matsalar a duk lokacin da aka so, a kuma iya maimaita gwajin ba tare da hasara ba, ga shi kuwa wannan tangarɗa ba kullum take aukuwa ba, kuma duk lokacin da ta auku kwamfuta guda ce ta rasa katinta. Masu rarraba Linux suka cire direban daga sigogin gwajinsu, aka shawarci masu irin wannan kati da su kwafe abin da ke cikin ma'adanar su ajiye, zargi kuma ya yi ta yawo tsakanin direban kansa da manhajar da ke sarrafa allo. Kafin a saki 2.6.27 a ranar 9 ga Oktoba, injiniyoyin Intel sun shigar da faci da ke sa katin ya kulle ma'adanarsa daga duk wani rubutu, matakin da ya tsayar da ɓarnar tun ba a san mai yin ta ba.

Da aka bi sawun har ƙarshe, sai aka tarar da laifin a wani sabon sashe mai suna ftrace, wanda Steven Rostedt ke jagoranta, kuma shi kansa kayan binciken tangarɗa ne, ba ruwansa da sadarwa. Domin ftrace ya iya bin diddigin abin da ke gudana a cikin babbar manhaja, ana dasa ɗan kira a farkon kowane aiki da ke cikinta, kuma don kada waɗannan kiraye-kiraye su rage gudun na'ura, sai ya riƙa rubuta adireshin kowane kira a karon farko da aka bi ta kansa, daga baya ya koma ya shafe shi da umarnin da ba ya yin komai. Matsalar ita ce wasu sassan manhaja ana loda su ne a sauke su, kuma gurbin da suka bari a taswirar ma'adana ana iya ba da shi ga wani abu dabam, ciki har da tagar da direba ke buɗewa domin ya yi magana da kati. Idan aka yi rashin sa'a tagar e1000e ta faɗa a gurbin da ftrace ke riƙe da tsohon adireshinsa, to rubutun da aka yi da nufin gyara manhaja sai ya sauka a jikin katin.

Abin lura shi ne marubutan ftrace sun hango haɗarin rubutu a wurin da ya riga ya canza hannu, sun kuma yi masa tanadi ta amfani da wani umarnin masarrafi da ke duba abin da ke wuri tukuna, ya sauya shi kawai idan ya yi daidai da abin da ake tsammani. A ma'adana ta yau da kullum wannan kariya ta wadatar. Amma a masarrafan da ke bin tsarin x86, umarnin yakan yi rubutu ko da gwajin bai yi daidai ba, sai dai ya mayar da abin da ya tarar, kuma abin da ba shi da illa a ma'adana yana iya zama umarni idan wurin da aka taɓa ƙofar na'ura ce. Adalci ya sa a ce direban ma yana da nasa kason laifi, domin ya bar tagar ma'adanar katin a buɗe ga rubutu tsawon lokacin da kwamfuta ke kunne alhali ba ya bukatar hakan, kuma da tana kulle tun farko da kuskuren ftrace bai taɓa kaiwa ga lalata na'ura ba.

An kashe wannan sashe na ftrace a sigar gyara ta 2.6.27.1, wadda ta fito cikin Oktoban, sannan a 2.6.28 da aka saki a watan Disamba aka sauya tsarinsa daga tushe, ta yadda ake tattara adireshin dukkan kiraye-kirayen tun lokacin da ake harhaɗa manhajar, a kuma cire na kowane sashe daga jerin da zarar an sauke shi. Kullen da Intel ya sa wa ma'adanar katin ya ci gaba da zama a cikin e1000e bayan an gano tushen matsalar, ftrace kuma ya zauna a cikin Linux, inda a shekarun da suka biyo baya ya shiga sahun kayan da injiniyoyi ke bin sawun ƙunshi da su daga direba zuwa sauran sassan babbar manhaja.